Yadda ake tsinto tsutsar Hyposmocoma a Hawai a raine ta har ta yi fiffike

Duk shekara sai na ga sababbin ɗalibai sun hau dutse sun dawo da kwalabe cike, bayan sati biyu komai ya mutu ya yi funfuna, shi ya sa nace bari in rubuta yadda nake yi. Hyposmocoma wasu ƴan mitsi-mitsin ƙwarin dare ne dangin asu, irin wanda ke cin kaya a akwati, kuma babu inda ake samunsu a duniya sai tsibiran Hawai na Amurka. An riga an raɗa wa sama da iri 350 suna, kuma har yanzu ana gano sababbi. Babban ɗan ƙanƙani ne ko ya buɗe fiffike, saboda haka in kana son sanin waye waye, ta tsutsar ake farawa, don da yawa daga cikinsu suna saƙa ɗan gida da zaren bakinsu suna yawo da shi a baya.

Na farko, takardar izini. Hukumar gandun daji ta jihar Hawai ke bayarwa, kar ka taɓa ƙwaro ɗan asalin tsibiran ba tare da ita ba, kuma ka nema da wuri don ba rana ɗaya take fitowa ba. Sannan ka goge takalminka ka fesa sifirit kafin shiga daji da bayan fitowa, saboda cutar da ke kashe itacen ohia tana bin ƙasar da ta manne a takalmi. Kayan aiki ba tsada: ƙananan robobi masu murfi, ɗan hantsaki mai laushi, gilashin ƙara girma, fensir. Fensir nace ba biro ba, ruwan saman can ba ya ɗaga ƙafa.

Na biyu, daina neman tsutsa, nemi gida. Ka zauna gaban dutse ɗaya mai gansakuka ka ƙura ido minti goma, duk ɗan datti da ka ga ya motsa ko ya tsaya a tsaye to shi ne. Siffar gidan kala-kala ce, akwai mai tsini kamar mazurari, akwai mai buɗaɗɗen baki kamar kakaki, akwai mai kama da ƴar jaka, wani kamar sigari, wani kamar alawa a nannaɗe, wani kuma an lulluɓe shi da yashi da gansakuka har ba ka bambance shi da dutsen. Duba ƙarƙashin ɓawon itace da ruɓaɓɓen gungume da bakin rafi. Ni dai ba na ɗauka da hannu, hantsaki kawai.

Na uku, kuma nan mutane ke raina hankalin kansu: kowane wuri da robarsa, kowace roba da rubutunta tun kana tsaye a wajen. Yawancin irin nan tsibiri ɗaya suke, wasu ma dutse ɗaya, na Kauai daban na Maui daban ko da gidansu ya yi kama sak. In ka haɗa na kwari biyu a roba ɗaya kace zaka tuna, wallahi ba zaka tuna ba, kuma aikin ya tashi a banza.

Toh yanzu inda na sha kashi, wato laima. Karon farko da na kwaso su daga bakin rafi sai nace ai ƙwarin wajen ruwa ne, na jiƙa auduga sharkaf na saka musu na rufe gam, wasu ma na zuba musu ruwa kai tsaye. Kwana biyar funfuna ta rufe komai fari fat, na cikin ruwan kuma tun washegari sun riga sun mutu. Abin da ban gane ba lokacin shi ne, eh akwai iri wajen 12 da ke rayuwa a cikin ruwa da tudu duka, Daniel Rubinoff na Jami'ar Hawai da abokin aikinsa suka wallafa wannan a 2010, amma ba su da abin shaƙar iska irin na kifi, ruwa mai gudu da ƙarfi ne ke kawo musu iska, suna ɗaure kansu da zare a jikin dutse kar ya tafi da su. Ruwan da ke tsaye a roba kabari ne gare su. Tunda suna iya zama a tudu, ka raine su a bushe kawai. Ɗan farantin roba mai murfi, takarda a ƙasa, ɗigo ɗaya ko biyu na ruwa a gefe ba a tsakiya ba, in ka ga gumi a murfin ka buɗe ya sha iska. Kar ka ajiye kusa da taga inda rana ke duka. Ƙa'idata ita ce gara ya ɗan bushe da ya jiƙe, wasu zasu ce na cika tsanani, su je su gwada.

Abinci kuwa abin dariya ne don arha: ɗan yankan karas da garin abincin kifin ado, irin TetraMin ɗin nan, ɗan ƙanƙani kamar kan ashana. Ƙaramin gwangwani ɗaya zai kai ka shekara. Canja karas ɗin duk kwana biyu ko uku, shi ke fara jawo funfuna. Amma ba kowa ke cin wannan ba. Akwai ta Maui, Hyposmocoma molluscivora, da aka bayyana a 2005, ita dodon koɗi take ci, ta ɗaure shi da zare a jikin ganye ta kutsa cikin ƙoƙonsa ta cinye shi da rai, karas ko kallo bai ishe ta ba. Akwai kuma wadda aka sanar a 2025, mai zama a saƙar gizo-gizo a duwatsun Waianae na tsibirin Oahu, tana cin ragowar abin da gizo ya kama tana manna kai da ƙafafun matattun ƙwari a gidanta. Guda 62 kacal aka gani a sama da shekara ashirin, kuma suna cin junansu. In ka ci karo da ita ɗauki hoto ka bar ta inda take.

Sauran kuma haƙuri ne. Wata rana zaka ga ta manne gidan a murfi ta daina motsi, kar ka zubar, ba mutuwa ta yi ba, rikiɗa take. Sati biyu, wata ɗaya, wani lokaci fiye. Wani sa'in maimakon asu sai ɗan zanzaro ya fito, ya riga ya cinye ta daga ciki, shi ma ajiye shi da lambarsa. In babban ya fito bar shi fiffike ya bushe, saka a firiza, cire ƙafa ɗaya a sifirit don gwajin ƙwayar halitta, ka soke shi da siririyar allura, gidan da ya fito ciki kuma ka manna a kati ƙarƙashinsa da lamba iri ɗaya.