Idan 'yarki ta ce tana son a yi mata tiyatar gyaran jiki

Kada ki yi dariya, kada kuma ki daka mata tsawa. Yarinya 'yar shekara 15 ba ta buɗe baki ta ce, "Mama, hancina ya yi faɗi, ina so a rage min shi," sai ta daɗe tana juya maganar a ranta, ta sha ɗaukar hoto tana gogewa. Idan kika ce mata "rufe min baki," bakin za ta rufe, amma maganar tana nan. Wajen ƙawaye da waya za ta kai ta, su kuwa amsarsu a shirye take, har da lambar mai yin allura a ɗaki. Aikina jinya ne a ɓangaren tiyata, ina ganin jiki kafin wuƙa da bayanta, shi ya sa nake roƙonki, 'yar'uwa, ki fara da sauraro. Abin da zan faɗa ya shafi ɗa namiji ma.

Ki tambaye ta tun yaushe abin yake damunta, da wanda ya fara yi mata maganar. Sannan ki ce ta nuna miki yadda take so ta koma. Ki matsa kusa da ita ku kalli wayar tare. Sau da yawa ba hoton wata za ta nuna miki ba, nata ne da ya bi ta filta: karan hanci ya tsuke, leɓe ya cika, haɓa ta yi tsini, fata ta yi sumul babu ko ƙofar gashi. Ki sa ta ajiye shi kusa da hoton da ba a taɓa ba, ku duba abin da manhajar ta canza ɗaya bayan ɗaya. Kamfanonin da kansu sun san ɓarnar. A 2019 Instagram ya ce zai cire filtocin da ke kwaikwayon tiyatar fuska, a ƙarshen 2024 kuma TikTok ya sanar da taƙaita wasu filtocin kwalliya ga waɗanda ba su kai 18 ba.

Za ta kawo miki sunayen taurari. Kada ki zage su, ki ƙarasa mata labarinsu kawai, don yawanci farkonsa ta sani. Bella Hadid, mai tallan kayan sawa wadda mahaifinta Bafalasɗine ne, tana da shekara 14 aka yi mata tiyatar hanci. A 2022 ta shaida wa mujallar Vogue cewa ta so a ce ta bar hancin kakanninta yadda yake. Kylie Jenner, tauraruwar talabijin ta Amurka, tana 17 ta amsa cewa allura aka yi mata a leɓe, a shekarar 2015 ke nan, lokacin da yara suka riƙa tsotsar bakin kwalba don nasu ya kumbura har wasu suka ji wa kansu ciwo. A 2023 ta fito ta ce an ƙara mata ƙirji tana 19 kuma ta yi nadama, ta ce zuciyarta za ta karye idan 'yarta ta nemi yin haka a wannan shekarun. Ni ba na ganin laifin yarinya 'yar 14. Ba ita ta sa hannu a takarda ba, ba ita ta riƙe wuƙa ba. Manya ne suka yi duka biyun, kuma ke ce babbar da ake jira yanzu.

Daga nan sai ki rarrabe, don ba kowace tiyata ce ƙyale-ƙyale ba. Jaririn da aka haifa da tsagaggen leɓe ana ɗinke masa tun yana 'yan watanni. Yaron da kunnuwansa suka baje har ake tsokanarsa ana iya gyara masa daga shekara 5 ko 6, saboda a lokacin kunne ya kusa gama girma. Akwai ƙuna, akwai tabon haɗari, akwai hancin da ya karkace ta ciki har numfashi ke wahala, akwai budurwar da nauyin ƙirji ya sa mata ciwon baya da wuya, igiyar rigar mama ta yi mata rami a kafaɗa. Waɗannan magani ne, hana su zalunci ne. Malamai ma a nan suka ja layi. Sahabi Arfaja bin As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙi, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinare. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na 2007 a Maleshiya, ta halatta tiyatar kawar da naƙasa da cuta, ta hana canza lafiyayyar halitta don bin son rai ko kwaikwayon wasu.

Idan abin da take so kwalliya ce zalla, jikinta ma bai shirya ba. Hancin mace yakan ci gaba da girma har wajen shekara 15 zuwa 16, na namiji ya fi haka jinkiri, kuma taɓa guringuntsin da bai gama tsayawa ba yana iya karkatar da shi daga baya. Fuskar da hanci ya yi wa yawa a 13 sau tari takan cika ta daidaita da shi a 19. Ƙirji ma haka, ɗaya yakan riga ɗaya girma kafin su zo kusa da juna. Samari da yawa nononsu kan kumbura lokacin balaga, mafi yawansu kuma yana sacewa da kansa cikin wata 6 zuwa shekara 2. Na taɓa ganin saurayin da ke naɗe ƙirjinsa da bandeji a ƙarƙashin riga har fatar ta yi ja ta saluɓe. Abin da ya fi buƙata shi ne likita ya duba shi ya ce masa abin zai wuce, kuma ya wuce.

Wurin da nake so ki fi zuba ido shi ne zuciyarta. Akwai wata lalura ta ƙwaƙwalwa da ke sa mutum ya riƙa ganin mummunan aibi a jikinsa inda wasu ba sa ganin komai, ko suke ganin ɗan abu kaɗan. Tana kama kimanin mutum 2 cikin 100, kuma yawanci a shekara 12 zuwa 13 take farawa. Alamominta a cikin gida suke: awanni gaban madubi ko gudun madubi gaba ɗaya, rufe hanci da hannu idan ana magana, tambayarki "ya kika gan ni?" sau ba adadi ba tare da amsarki ta kwantar mata da hankali ba, ƙin shiga hoto, ƙin zuwa makaranta, rage cin abinci. Mai wannan lalura tiyata ba kasafai take warkar da ita ba. Ana cire bandeji sai damuwar ta koma kan haɓa, ko ta ce likita ya ɓata ta. Idan kin ga haka, likitan ƙwaƙwalwa za ki fara kai ta, akwai magani da zaman shawara da ke aiki. In kuwa ta taɓa furta cewa gara ta mutu da ta zauna da wannan fuskar, ranar za ku tafi asibiti, ba gobe ba.

Dokokin wasu ƙasashe za su taimaka miki ki auna. A Ingila, tun 1 ga Oktoba 2021 laifi ne a yi wa wanda bai kai 18 ba allurar Botox, mai rage yamutsewar fuska, ko ta cika fata don kwalliya, ko da iyaye sun yarda. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da robar ƙara ƙirji mai ruwan gishiri daga shekara 18, mai silikon daga 22, tana kuma gargaɗin cewa ba abin da ke zama har abada ba ne, wata tiyatar tana gaba. A Ostireliya, wanda bai kai 18 ba sai masani mai zaman kansa ya duba lafiyar tunaninsa, sannan a jira wata 3 kafin a yi aikin. Wannan na ƙarshe ki ara ki kafa shi a gidanki ko da dokar inda kike ba ta ce komai ba. Gaggawa aikin shaiɗan ce, a tiyata kuwa babu komawa baya.

Abu biyu ne ban yarda a yi wa yarinya su ba ko kaɗan. Na farko ƙara mazaunai da kitse, wanda ake kira BBL. Idan kitsen ya shiga babbar jijiyar jini, huhu yake wucewa ya toshe, mutum ya mutu a kan gadon tiyata. Wani bincike na 2017 ya ƙiyasta mutuwa 1 cikin kusan 3,000. Na biyu allurar cika leɓe ko hanci a shagon kwalliya ko ɗakin otal. Idan ta faɗa jijiya, fata na iya ruɓewa, ido na iya makancewa, kuma mai shagon ba ta san abin yi ba a 'yan mintunan da suka rage.

To, a ce wata ukun sun wuce, matsalar ta gaske ce, likitan yara ko na iyali ya ce a ga likitan tiyata. Ki tabbatar da rajistarsa a hukumar likitoci, kuma ƙwarewarsa a wannan fannin take. Yawan mabiya a Instagram ba takardar shaida ba ce. Ki tambaye shi a ina za a yi aikin, wa zai ba da maganin barci, me za a yi idan jini ya ɓalle da tsakar dare, wa zai ɗauki nauyin gyara idan bai yi kyau ba. A tiyatar hanci kumburi kan kai shekara kafin ya gama sauka, wasu kuma sai an sake yi musu. Ki duba kunnenta da kafaɗarta ko tana yin tabo mai tsirowa ya yi tudu, wanda ya fi yawa ga masu baƙar fata, ki gaya masa ko akwai shi a dangi. Ki bar ta ta yi magana da shi ita kaɗai na ɗan lokaci, don a tabbatar ita ke so, ba saurayi ko ƙawa ba, ba ke ba kuma. Likitan da ya ce a biya yau akwai rangwame, ko ya nuna mata wani aibin da ba ta zo da shi ba, ko ya nemi sa hotonta a talla, ki kama hannun 'yarki ku fita. Takardar amincewa ki tafi da ita gida ki karanta layi-layi kafin ki sa hannu.

Idan amsarki a'a ce, ki faɗe ta da dalili, ki kuma sa ranar da za ku sake zama a kan maganar, sannan ki cika alkawari. Kafin ranar ki bi tushen abin. In tsokana ce a makaranta, ki je ki ga malamai. In goggo ce ko yayanta ke kiranta da sunan hancinta ko ƙibarta, ki tsawatar musu a gabanta, ta ji da kunnenta. Ku zauna ku rage shafukan da ke sa ta tashi daga waya ranta a ɓace, ke ma ki daina kushe jikinki a inda take jin ki.