Yadda Direban Najeriya Zai Shirya Tuƙi a Birtaniya

Direban da ya shekara goma yana tuƙi a Najeriya ya fi sabon shiga shan wahala a makonsa na farko a titunan Birtaniya, domin hannunsa da idonsa sun riga sun saba, suna aiki tun kafin ya yi tunani. Najeriya ta koma tuƙi ta hannun dama a 1972, ita kuwa Birtaniya har gobe ta hagu ake bi. Ga matakan da ya kamata ka bi kafin ka kama sitiyari a can.

Mataki na farko, takardu. Cikakken lasisin Najeriya da bai ƙare ba yana ba ka damar tuƙa ƙaramar mota na wata 12 a Ingila da Sikotland da Wales. Idan zama ya kai ka, lissafin yana farawa ne daga ranar da ka zama mazaunin ƙasar. Ba a musanya lasisinmu da nasu, sai ka nemi lasisin koyo daga DVLA, hukumar ba da lasisin tuƙi ta can, ka ci jarrabawar dokoki da ta tuƙi, don haka kada ka jira wata na goma sha ɗaya. Sannan inshora: a can ana duba ko ta shafe ka kai direba, ba motar kaɗai ba. Ɗan'uwanka ya miƙo maka makulli bai wadatar ba, sai in inshorar ta amince ka tuƙa. Wanda aka kama babu ita, tarar fam 300 da makin laifi 6 a lasisi ne mafi sauƙin abin da zai same shi, kuma ana iya kwace motar.

Mataki na biyu, zauna cikin motar tana tsaye. Sitiyari yana dama, giya kuwa da hannun hagu za ka sa. Ƙafa ba ta da matsala, jerin kuloci da birki da totur bai canza ba. In haya za ka ɗauka, shawarata ka nemi mai giyar otomatik, ka rage wa kanka aiki ɗaya.

Mataki na uku shi ne mafi muhimmanci, kuma a nan nake so ka daɗe. Riƙe ƙa'ida ɗaya: kai direba kullum kana ɓangaren tsakiyar titi, fasinjanka yana ɓangaren gefe. Duk lokacin da ka ga kanka kusa da gefen titi, to ka shiga hannun da ba naka ba. Cikin cunkoso ba a cika kuskure ba, tunda kana bin na gabanka. Haɗarin yana wurin da babu kowa: da sassafe, ko fitowa daga gidan mai, ko bayan ka yi kwana zuwa wani layi shiru. Kwanar hagu ce mai sauƙi a can, ta dama ce take ratsa gaban motoci masu tahowa, kishiyar abin da ka sani.

Shataletale ma juyawa yake. Za ka shiga ta hagu, ka zagaya yadda hannun agogo yake tafiya, kuma wanda yake tahowa daga damanka shi ne mai hanya. Wuyanka zai so ya waiga hagu. Kafin kowane shataletale, faɗa wa kanka a fili cewa dama za ka duba. Zaɓi layinka tun daga nesa, kibiyoyin da ke ƙasa suna nuna shi, sannan ka kunna sigina ta hagu idan ka wuce mafita ta ƙarshe kafin taka.

Mataki na huɗu, gudu. Allunansu da mil suke, ba kilomita ba. Cikin gari mil 30 ne, kusan kilomita 48, amma a Wales an mayar da yawancin irin waɗannan tituna mil 20 tun Satumbar 2023, haka unguwanni da dama a Landan. A wajen gari, titin da ba a raba shi da shinge ba mil 60, wanda aka raba da kuma babbar hanya mil 70. Farin da'ira mai baƙin layi a karkace yana nufin waɗannan iyakokin na ƙasa sun fara aiki. A Najeriya ka saba ganin jami'an FRSC a bakin hanya, a can kuwa kyamara ce take yawan aikin, takardar tara ta iske mai mota a gida. A babbar hanya ka zauna a layin hagu, ta dama ake wuce mota, in ka wuce ka koma.

Mataki na biyar, bar wasu ɗabi'u a gida. Hon na gargaɗi ne kawai, kuma an hana danna shi cikin gari daga 11:30 na dare zuwa 7 na safe. Waya a hannu, ko kana tsaye a danja, tarar fam 200 ce da maki 6. Mai tafiya a ƙasa da ya taka layin zebra dole ka tsaya masa, kuma tun gyaran dokokin hanya na 2022 ana so ka ba wanda yake jiran tsallakawa hanya a mahaɗar da za ka shiga. Wannan ƙa'ida ina ganin ta cancanci a yi koyi da ita ko'ina. Yaro kuma sai da kujerar yara har ya kai shekara 12 ko tsayin santimita 135.

Kafin ka shiga Landan, duba ko motarka za ta biya kuɗin cunkoso ko na hayaƙi, domin babu shingen da zai tsayar da kai ka biya. Layi biyu masu ruwan ɗorawa a gefen titi suna hana ajiye mota a kowane lokaci. In da hali, biya malamin tuƙi na awa ɗaya ko biyu ya zaga da kai shataletale da babbar hanya kafin ka ɗauki iyalinka.