Gajiyar da barci ba ya korewa: kurakuran da muka fi yi a karkara

Gajiya iri biyu ce. Akwai ta wanda ya wuni a gona, ya ci tuwo ya kwanta, da asuba ya tashi garau. Akwai kuma wadda mutum zai kwana yana barci amma ya wayi gari jiki a mace, sati biyu, wata guda, wata uku, fartanya ta yi masa nauyi, hira ma ta gundure shi. Wannan ta biyun tana da dalili, kuma yawancin abin da muke yi mata rufe dalilin ne kawai.

Babban kuskuren yana faruwa ne a kantin magani. Bayan la'asar, lokacin noman farko ko yankan shinkafa, maganar da aka fi ji ita ce: "Likita, haɗa min na gajiya." Sai a ƙulle ƙwayoyi huɗu ko biyar a leda, babu suna, babu kwali. Sau da yawa abin da ke ciki magungunan kashe ciwo ne 'yan gida ɗaya, irin su diklofenak da ibufurofen, wani lokaci har da deksa, wato deksametason, wanda shi ba ɗan gidan ba ne. Haɗa biyu daga gida ɗaya ba ya ƙara sauƙi, illar ce take ninkuwa. Suna cin bangon ciki har su kawo gyambon ciki mai zubar da jini a hankali, mutum bai sani ba sai dai ya ga bayan gidansa ya yi baƙi. Ka ga maganin gajiyar ya zama shi ke jawo ƙarancin jinin da ke ƙara gajiyar. Suna kuma wahalar da ƙoda, musamman ga wanda ya wuni cikin rana yana gumi bai sha isasshen ruwa ba. Mutanen yankin Haɗeja, inda aka daɗe ana kuka da ciwon ƙoda, su ya fi kamata su yi kaffa-kaffa da wannan leda. Idan ciwon jiki ne na kwana ɗaya ko biyu, farasitamol shi kaɗai ya isa, kuma kada babba ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a wuni da kwana.

Na tiramol ya fi muni. Samari 'yan ƙwadago suna sha don su gama kunyoyin da aka yanka musu kafin azahar. Ƙwayar ba ta ƙara ƙarfi, toshe jin ciwo take yi. Tamkar cin bashi ne da ruwa: yau ka yi aikin mutum biyu, gobe jiki ya zo karɓar kuɗinsa, ga ƙwaya ɗaya ta daina isa. Mai yawa tana sa jijjiga irin ta farfaɗiya. Wanda ya riga ya saba kada ya yanke rana ɗaya shi kaɗai a ɗaki, ya je asibiti a rage masa a hankali. Ni a ganina masu gonar da suke ganin yaro yana aiki kamar inji, suna murna, su ma suna da nasu kason a laifin.

Sai ƙarin ruwa. Da an ce jiki ba ƙarfi, sai a ce a ɗaura leda. Ledar ruwan suga ta rabin lita, mai kashi 5 cikin 100, suga giram 25 ne a cikinta, kusan ƙwayar sukari shida. Kofin kunu ya fi ta abinci. Ƙarin ruwa na mai amai da gudawa ne wanda ba ya iya sha ta baki, ga mai ciwon zuciya ko ƙoda kuwa yana iya zama haɗari.

Abin da ya kamata a fara yi shi ne gwajin jini, kuma ba shi da tsada kamar kuɗin da ake zubarwa a kemis wata da watanni. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, jinin namiji ya yi ƙasa idan awon himoglobin, wato sinadarin da ke sa jini ja, bai kai 13 ba, na mace 12, na mai ciki 11. Idan ya yi ƙasa, tambaya ta gaba ita ce ina yake tafiya. Zazzaɓin cizon sauro da ake ta yi ana warkewa rabi-rabi yana fasa ƙwayoyin jini. Tsutsar ciki da ke shiga ta tafin ƙafar mai tafiya ba takalmi tana tsotsa. Masu aikin ban-ruwa a Kura, Bunkure, Garun Malam ko Auyo, waɗanda ke wuni da ƙafa cikin kwalbati da fadama, su kula da tsargiya, domin jini a ƙarshen fitsari ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu ke ɗauka, kuma tana da magani. Lemon malt da madarar gwangwani ba sa ƙara jini, zoɓo ma jan launinsa ne kawai ya yi kama. Hanta, nama, wake, zogale, rama da alayyahu su ne abin nema, a matsa lemon tsami a kai. Shayi kuwa a ba shi tazarar awa ɗaya ko biyu da abinci, don yana hana jiki ɗaukar sinadarin ƙarfe da ake gina jini da shi. Ƙwayar ƙarin jinin da ake bayarwa wajen awo tana sa bayan gida ya yi duhu, wannan ba matsala ba ce, kuma watanni ake yi ana shanta, ba kwana bakwai ba.

A kan mata ne muka fi yin kuskuren fassara. Mace ta tashi kafin asuba, surfe, daka, ɗebo ruwa, itace, goyo a baya, da kaka kuma ga cirar gyaɗa ko ɓarar zoɓo, ga ciki na kwanika. Idan ta ce, "Inna, yau jikina ba daɗi," sai a ce son jiki ne, mu da muka haifi goma ba mu kwanta ba. Jiki ba ya gama mayar da abin da ciki da haihuwa suka ci cikin kwana arba'in, shi ya sa likitoci ke ba da shawarar shekara 2 kafin wani cikin, daidai da tsawon shayarwar da addini ya ambata. Mai jegon da gajiyarta ta zo da haki, da kumburin ƙafa, ba ta iya kwanciya sai an tara mata matashi, wannan ba aikin ruwan zafi da kunun kanwa ba ne. Akwai ciwon zuciya na bayan haihuwa da likitocin Kano da Zariya suka daɗe suna gani, a kai ta asibiti a ranar.

To idan an gwada komai lafiya lau fa? A nan ake cewa ai ba komai, ko a koma zancen sammu. Amma a duba yadda shekara ta koma. Da can bayan an kai amfani rumbu, rani na gyaran danga ne da biki da zumunci. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 noman rani ya bunƙasa, alheri ne babba, sai dai ya cinye wannan sararin: damina, kaka, alkama da tumatir, sai kuma sharar gona. Ga bashin taki, ga tumatirin da ya faɗi a kasuwa. Mai irin wannan lissafi ko ya kwanta kansa bai kwanta ba. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana gajiyar da matsin aiki mai tsawo ke kawowa da alamu uku: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta fita daga aikin, aikin kansa ya daina kyau. Malamin firamare mai aji cike maƙil da ma'aikaciyar asibitin ƙauye da ke karɓar haihuwa ita kaɗai sun san wannan.

Ƙarin barci ba ya gyara ta, rage kaya ne maganinta. A ware yini guda a mako, ko rabinsa, Juma'a ko ranar kasuwa, da ba a taɓa fartanya. A watannin Maris zuwa Mayu, da zafi ke haura digiri 40, a yi aikin sassafe da na yamma, a yi ƙailula a tsakiya, a sha ruwa har fitsari ya yi haske. A farfaɗo da gayya inda ta mutu. Maigida ya biya kuɗin inji maimakon daka, ya sa samarin gidan ɗebo ruwa. Kwanciya da waya a hannu har ƙarfe ɗayan dare ba hutu ba ne. Mai jin kunyar hutawa kuma ya tuna hadisin da ke cikin Bukhari, inda Manzon Allah (SAW) ya gaya wa Abdullahi ɗan Amr cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa.

Wasu alamun ba sa jira. Tarin da ya wuce sati 2 da rama da gumin dare, a gwada tarin fuka, maganinsa kyauta ne a asibitocin gwamnati. Yawan ƙishirwa da fitsarin dare, a gwada suga. Idan kuma gajiyar ta zo da ƙuncin zuciya, mutum ya daina fita majalisa, abinci ba daɗi, har yana cewa gara ya mutu, kada a tsaya ga "ka yi haƙuri" kawai. A raka shi asibiti, akwai na masu wannan lalura a Dawanau da Kazaure, kuma wanda zai raka shi ya tafi da duk ledojin maganin da yake sha, likita ya gani da idonsa.