Darasi na Bakwai: Ƙidayar Yaran Unguwa da Shirin Gidan Raino

A unguwannin Kaduna irin su Rigasa, Tudun Wada da Kawo, mata da yawa suna fita tun da safe, wasu zuwa Kasuwar Barci, wasu zuwa koyarwa ko aikin asibiti ko aikatau, kuma kowacce sai ta nemi wanda za ta bar wa ɗanta. A babban gida kaka ko facala ce ke karɓar goyo, amma zaman haya a Kaduna ya raba iyalai da danginsu. Don haka kafin jama'ar unguwa su yi maganar buɗe gidan raino, wajibi ne su san yaran da ke buƙatarsa da kuma lokacin da suke buƙatarsa.

Alƙaluman ƙidayar jama'a ta 2006 sun tsufa, saboda haka unguwa ce za ta ƙirga yaranta da kanta. A fara da neman izinin mai unguwa, a roƙi liman ya yi sanarwa a masallaci, sannan a tura mata su shiga gidaje, tun da akwai gidajen da namiji ba ya wuce zaure. A kowane gida a rubuta shekarun yaro, ta hanyar duba katin rigakafinsa idan uwa ba ta riƙe ranar haihuwa ba, a tambayi wanda ke kula da shi idan ta fita, da ƙarfe nawa take fita da dawowa. A ware 'yan goyo daban, domin mai raino ɗaya ba za ta iya riƙe jarirai da yawa ba yadda za ta riƙe yaran da aka yaye. 'Yan shekara 5 kuwa, wurinsu ajin share fage ne a makarantar firamare.

Akwai amsar da ya kamata mai ƙidaya ta tsaya a kanta, wato idan uwa ta ce, "Ai yayarsa ce ke riƙe shi." Sau da yawa yayar nan ba ta wuce shekara tara ba, ana ganinta a ƙofar gida da ƙaninta a baya a lokacin da sa'o'inta ke cikin aji. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun firamare da ƙaramar sakandare, saboda haka irin wannan gida a rubuta shi cikin masu buƙata, ko da uwar ta ce ba ta da matsala.

Shirin gaba, wato hasashen yaran da za su buƙaci raino nan gaba, ya fi wuya. A 2019 gwamnatin jihar ta mayar da hutun haihuwa na ma'aikatanta mata wata shida, amma mai sayar da kayan miya ba ta da hutu, wata ma da an yi arba'in take komawa kasuwa. Ba a tambayar mace ko tana da ciki, domin kunya ba za ta bari ta faɗa ba. Abin da ya dace shi ne a nemi asibitin unguwa ya ba da adadin masu zuwa awon ciki, ba tare da sunaye ba. A kuma lura da sababbin gine-gine, musamman a wuraren da gari ke faɗaɗa kamar Rigasa, inda tashar jirgin ƙasa ta fara aiki a 2016. A sake ƙidayar kowace shekara.

Batun kuɗi ma a tambaye shi tun farko, domin wadda ke samun ribarta kullum ta fi iya biyan kuɗin yini a kan na wata. Wurin da za a zaɓa ya kasance da ruwa da banɗaki, kuma nesa da inda Kogin Kaduna ke ambaliya da damina.

Aikin gida: kowane ɗalibi ya zaɓi gidaje goma a layinsu, ya rubuta yaran da ba su kai shekara 6 ba da masu kula da su, ya kawo aji a mako mai zuwa.