Darasi: Wace Lambar Sitenles Za Ka Saya?

Kafin ka tafi kasuwar Owode Onirin da ke Legas sayen fallen sitenles, wato ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, don ƙera kayan da za ka tura ƙasar waje, ka fara sanin inda kayan za su zauna in sun isa ƙasar mai oda. Kwandon shanya kwanuka kullum cikin ruwa yake, kantar ɗaki kuwa a bushe take. Sitenles iri-iri ne, kowane iri da lambarsa, kuma ba lamba ɗaya za ka yi musu ba.

Lamba 304 ce ta mazubin abinci da duk abin da ruwa ke taɓawa. A haɗin ƙarfenta akwai kuromiyam kashi 18 cikin ɗari da nikel kashi 8, shi ya sa ake rubuta 18/8 a gindin kwano. Lamba 430 kusan babu nikel a cikinta, ta fi araha, ta ishi kantar ɗaki. Ita 316 an ƙara mata molibdinam kashi 2 zuwa 3 don ta jure gishiri. In ba a bakin teku kayan za su zauna ba, ɓarnar kuɗi ce.

Wadda ke jawo asara ita ce 201. An rage mata nikel, an cike da manganis, amma a ido ba ka bambance ta da 304. Masu walda da yawa da maganaɗisu suke gwaji, alhali 430 kaɗai yake tonawa, don ita yake kamawa. Da 201 da 304 duk ba ya kama su sosai, har 304 ma takan ɗan ja shi a inda aka lanƙwasa ta. Saboda haka ka nemi takardar shaidar masana'anta, ka duba ko lambar da ke cikinta ta yi daidai da wadda aka buga a jikin fallen. In odar babba ce, a gwada da na'urar XRF, mai nuna sinadaran da ke cikin ƙarfe.

Ƙarfe mai kyau ma aiki yakan ɓata shi. Dutsen giranda ko burushin da ya taɓa baƙin ƙarfe yana barin ɓurɓushi a jikin sitenles, bayan kwanaki sai ka ga ɗigo-ɗigon tsatsa. Ka ware masa nasa kayan aiki. A yi waldar 304 da iskar gas ta agon da wayar walda mai lamba 308L, sannan a wanke baƙin da wuta ta bari da man wanke walda, domin daga nan tsatsa ke farawa.

Iskar Legas da gishiri take, kwantena kuma takan yi gumi a tashar jiragen ruwa ta Apapa da kan teku. Ka bari kaya su bushe sarai kafin ka naɗe su, ka jefa ƙullin silika mai shan danshi a kowane kwali.