Kafin ka faɗi farashi, lissafa kuɗin aike

'Yan uwa masu saida kayan hannu a WhatsApp da Facebook, ku faɗa tun farko cewa kuɗin aike da na mota na mai saye ne.

Ka sa salula jika 40, mutumin Agadas ya turo 40 cif, wajen cirewa a yanke maka, ka biya kabu-kabu zuwa tasha, ka biya kuɗin koli (kuɗin saka kaya a mota), to ina ribar? Rubuta "kuɗin aike da na mota na mai saye ne" ƙarƙashin hoton kayan kawai, gardama ta ƙare.

Amma in kayan jika 2 ne, kamar takalmi, ka ɗora masa kuɗin aike, wallahi mai saye gudu zai yi. In ɗan Damagaram ne ku haɗu Kasuwar Dole, hannu da hannu.