Yadda ake wanka a tsohon hamam na Turkawa a Istanbul

Mutanenmu da ke zuwa Istanbul saro kaya a unguwar Laleli, ko jinya, ko ziyarar ɗalibai, da yawansu sukan ji labarin gidajen wankan nan na zamanin sarakunan Usmaniyya na Turkiyya waɗanda ake kira hamam, kuma wasu sukan gwada shiga kafin su dawo gida. Abin da nake yawan ji daga bakin waɗanda suka shiga karon farko shi ne sun biya kuɗi mai yawa, an cuɗe su na ɗan lokaci, sun fito ba su ga abin da ake zuzutawa ba. Da na bi diddigin yadda suka yi wankan sai na tarar kusan dukansu wuri ɗaya suka yi kuskure, wato sun ƙi zama cikin zafi har jiki ya jiƙu kafin mai cuɗa ya taɓa su. A kan wannan mataki zan fi tsayawa, amma dole a fara da zaɓen gidan, domin a nan ma ana tafka kuskure mai nauyi.

Ga Musulmin da ke kiyaye al'aurarsa, tambayar farko kafin maganar farashi ita ce yadda gidan ya raba maza da mata. Manyan tsofaffin gidajen iri biyu ne. Akwai masu ɓangare biyu, kowane jinsi da ƙubbarsa da ma'aikatansa, kamar Çemberlitaş wanda mashahurin magini Sinan ya gina a shekarar 1584 bisa umarnin Nurbanu, mahaifiyar Sarki Murad na Uku, da Hürrem Sultan na shekarar 1556 da ke tsakanin tsohon masallacin Ayasofiya da Masallacin Sultan Ahmad, da Cağaloğlu na shekarar 1741 wanda Sarki Mahmud na Ɗaya ya sa aka gina domin kuɗin shigarsa ya riƙa ɗaukar nauyin ɗakin karatun da ya kafa a Ayasofiya. Akwai kuma masu ɓangare ɗaya waɗanda suke raba lokaci, kamar Kılıç Ali Paşa da ke unguwar Tophane, inda mata ke shiga daga safe zuwa wajen la'asar, maza kuma daga yamma zuwa dare. Wanda nake ja wa mutane kunne a kansa shi ne hamam na Süleymaniye. Shi ma ginin Sinan ne na shekarar 1557, kuma kyakkyawa ne ƙwarai, amma a yau an mayar da shi wurin ma'aurata da iyalai masu yawon buɗe ido, maza da mata a ɗaki ɗaya, masu cuɗar kuma maza ne. Wanda bai san haka ba sai ya je da iyalinsa ya juyo daga bakin ƙofa.

Ga wanda ya sauka a Laleli, shawarata ita ce ya fara da Çemberlitaş, domin tasha biyu ce kawai a jirgin ƙasan cikin gari mai lamba T1, kuma ƙofar gidan tana daf da inda za a sauka, kusa da tsohon ginshiƙin Sarki Kustantin. Kada ka yarda ɗan kamasho na bakin otal ya kai ka wani wurin da yake cewa duk ɗaya ne, domin ɗakin tururin da ke ƙarƙashin otal dabam yake da ginin da ya haura shekara 400. Game da kuɗi, waɗannan mashahuran gidaje suna da tsada, wasunsu ma da kuɗin Yuro suke rubuta farashi, kuma Hürrem Sultan da Kılıç Ali Paşa, waɗanda aka yi wa gagarumin gyara aka sake buɗe su a 2011 da 2012, sai an kama wuri tun da wuri ta intanet. Ƙananan gidajen unguwa sun fi araha nesa ba kusa ba, sai dai ba na tura baƙon da ba ya jin Turkanci can a karon farko. A wurin biya za a nuna maka tsari iri-iri, daga wanda za ka wanke kanka da kanka har zuwa wanda ya haɗa da tausar mai. Ka ɗauki na tsakiya, wato cuɗa da wankan kumfa. Tausar mai ƙari ce da aka shigo da ita saboda baƙi, kuma ban ga dalilin ninka kuɗi a kanta ba.

Shiri yana farawa tun daga masauki. Kada ka shafa mai ko basilin a ranar, domin maiƙo yana sa safar cuɗa ta riƙa sulɓewa a kan fata ba tare da ta kama komai ba, kuma mu da muka saba shafa mai bayan kowane wanka, musamman idan muka tarar da sanyin Istanbul, mu ne muka fi faɗawa wannan. Kada ka yi aski ko cire gashin jiki a ranar ko jajiberinta. Matar da ta yi sabon lalle ta sani cewa cuɗar za ta kashe masa kaifi, wadda kuma take amfani da man da ke sa fata ta yi laushi da yawa, gara ta haƙura da cuɗar gaba ɗaya. Ka ci abinci mara nauyi kamar awa biyu kafin ka tafi, ka sha ruwa sosai, kada kuma ka je da azumi a bakinka. Mai hawan jini da mai ciwon zuciya da mace mai juna biyu su nemi izinin likita tukuna. Abin da za ka riƙe bai wuce gajeren wando na canji da ɗan kuɗin Lira a hannu ba, domin gidan zai ba da tawul da sabulu da takalmi.

Da ka shiga za ka tarar da babban zaure mai ƙubba, galibi da maɓuɓɓugar ruwa a tsakiya da ƙananan ɗakunan katako a kewaye. A nan za a ba ka makulli da wani siririn zanen auduga da ake kira feshtamal. Namiji yana ɗaura shi a ƙugu, mace kuma daga ƙirji. A ɓangaren maza tsiraici abin kunya ne a al'adar Turkawa kansu, ba a kwance zanen ko kaɗan, kuma babu mai hana ka barin gajeren wando a ƙarƙashinsa. Ka ɗaura shi sama da cibiya, idan kuma kai dogo ne bai rufe gwiwa ba, ka nemi na biyu, ba za a ga baƙonka ba. A ɓangaren mata an fi sakin jiki, wasu sukan rage tufafi fiye da yadda matanmu suka saba gani, amma babu tilas a ciki, mace tana iya gaya wa mai cuɗarta inda ba ta so a buɗe. Ka bar waya a cikin akwati, domin ɗaukar hoto a ciki cin mutuncin mutane ne. Ka sa takalmin da aka ba ka, ka yi tafiya a hankali, saboda jiƙaƙƙen dutsen marmara yana da santsi matuƙa.

Daga zauren za ka ratsa wani ɗaki mai ɗumi, sannan ka shiga ɗakin zafi, kuma a nan ne wankan yake gyaruwa ko ya lalace. A tsakiyar ɗakin akwai wani faffaɗan dakali na marmara da Turkawa ke kira gobek tashi. A tsarin ginin na asali, murhu yana can baya, zafinsa da hayaƙinsa suna bi ta ƙarƙashin daɓe da cikin bango, shi ya sa zafin hamam yake shiga jiki daga dutse sannu a hankali, ba ya dukan fuska kamar tururin tukunya. A jikin bango kuma akwai ƙananan kwatarniyoyin dutse, kowace da famfo biyu, na zafi da na sanyi, da tasar ƙarfe ta ɗiban ruwa. Ka fara zama gefen ɗaya daga cikinsu, ka sirka ruwan yadda jikinka zai ɗauka, ka kwarara wa kanka tasa huɗu ko biyar, ba tare da sabulu ba. Na sha ganin baƙo ya ga sabulu a gefe ya hau saɓa jiki, yana ganin kamar kunya ce mai cuɗa ya same shi da datti, alhali sabulun nan ne zai hana a fitar masa da dattin. Bayan haka sai ka hau dakalin ka kwanta rigingine a kan zanenka, ka yi shiru.

Abin da ake nema shi ne gumi ya keto sosai, fatar sama da ta mutu ta jiƙa ta saki jiki, kuma wannan ba ya samuwa a ƙasa da minti 15 zuwa 20. Baƙo yakan yi minti biyar ya fara waige-waige, yana zaton an manta da shi, sai ya ɗaga hannu ya kira ma'aikaci. Ma'aikacin kuwa, musamman a lokacin cunkoso, ba zai yi musu da kai ba, zai zo ya cuɗe ka ya wuce ga na gaba, fatarka ta yi zafi, dauɗar kuma tana nan. Har idan shi ne ya zo da wuri, ka yi masa alama da hannu ya ƙara maka lokaci, haƙƙinka ne. Ga yadda za ka gane lokaci ya yi: ka murza damtsenka da ɗan yatsa da ƙarfi, idan ka ga dauɗa ta fara naɗewa kamar zare, jiki ya shirya, idan kuwa yatsan sulɓewa kawai yake yi, ka koma ka kwanta. Tsakiyar dakalin ya fi zafi, don haka mai sabon shiga ya tsaya daga gefe. Idan ka ji jiri ko bugun zuciya ya ƙaru, kada ka daure don nuna jarumta, ka tashi zaune a hankali, ka zuba ruwan sanyi a ƙafafu da wuyan hannu, ko ka koma ɗakin ɗumi ka huta sannan ka dawo. Saboda wannan matakin ne nake cewa kada a sa hamam a ranar tafiya filin jirgi ko tsakanin alƙawura biyu na kasuwa. Ka ware masa awa biyu cur, kuma ka je da hantsi a tsakiyar mako, lokacin da ba kowa, hasken rana yana saukowa ta ƙananan tagogin gilashin da ke jikin ƙubba.

Akwai ladabin ruwa da ya kamata a kiyaye a duk tsawon zaman. Tsofaffin hamam na Istanbul ba su da tafkin da ake shiga a jiƙa jiki, domin an gina su ne a kan fahimtar cewa ruwa mai gudana shi ke tsarkakewa. Saboda haka ba a tsoma ƙafa ko sabulu ko zane a cikin kwatarniyar, da tasa ake ɗiba a zuba a jiki daga waje. Ka kuma kula kada ruwanka ya fantsama wa na kusa da kai, domin wataƙila ya gama wankan tsarkinsa ne.

Mai cuɗa namiji ana kiransa tellak, mace kuma natir. Zai sa wata safar hannu mai kaushi da ake kira kese, ya bi jikinka da ita gaba da baya, yana taɓa ka idan yana so ka juya. Matan da suka san dilka za su gane aikin nan take, bambancin kawai shi ne a nan zafi da ruwa ne suke yin abin da haɗin dilka yake yi. Idan hannunsa ya yi nauyi ka ce masa "yawash", zai sassauta, kuma ka nuna masa duk inda kake da ciwo ko ƙurji tun kafin ya fara. Ba na ba da shawarar a bari a goga kese a fuska. Bayan ya ɗauraye ka sai ya tsoma wata jakar yadi a ruwan sabulu, ya cika ta da iska, ya matse kumfa ta lulluɓe ka, ya yi maka 'yar tausa, ya wanke maka kai, sannan ya bi ka da ruwa mai ɗumi, wani lokaci ya ƙarasa da mai sanyi. Duk wannan ba ya wuce rabin awa, kuma a mafi yawan gidaje kana iya ci gaba da zama a ɗakin zafi bayan ya gama.

Idan ka fito za a karɓi jiƙaƙƙen zanen a naɗe ka da busassun tawul, a ce maka "sihhatler olsun", wato addu'ar samun lafiya. Ka zauna a zaure aƙalla minti 20 ka sha shayi ko ayran, wanda kindirmo ne da aka dama da ruwa da ɗan gishiri, har gumi ya tsaya. Tukuicin mai cuɗa ba ya cikin kuɗin da ka biya a ƙofa, kuma ni ina ganin kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ya wadatar, a ba shi hannu da hannu da takardun Lira. Yanzu ne lokacin shafa manka, kuma idan a watannin sanyi ne, daga Disamba zuwa Maris, ka busar da kai sosai ka sa hula da rigar sanyi kafin ka fita titi.